Wasiƙa Daga Hue, Tsohon Birnin Sarakunan Biyetnam

Hue, Biyetnam

Aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Yaya jikin Hajiya? Allah ya ƙara mata sauƙi. Ni dai alhamdu lillahi.

Na san kana cewa mutumin naka ya ɓace. Ina nan. Kayan yazawar da na biyo ne suka maƙale a tashar jiragen ruwa can kudu, takardu ba su kammala ba, aka ce sai haƙuri. Da in zauna a ɗakin otal a Saigon ina kallon silin, sai na yanki tikitin jirgin ƙasa na yi arewa. Tafiyar kusan yini da kwana ce ta kawo ni Hue, a tsakiyar ƙasar, daidai inda ta tsuke tsakanin duwatsu da teku. Ka tambaye ni a waya, "To kai me kake ci a can?" Amsar ta fi ƙarfin katin waya, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Bari in fara da abin da zai ba ka dariya. Keke nake hawa. Matar da ke da gidan baƙin da na sauka ta ba ni hayar wani tsohon keke mai kwando a gaba, birkinsa yana kuka tun kafin ka matse shi. Garin shimfiɗaɗɗe ne, feda ba ta wahalarwa sai ka nufi wajen tsaunuka. Hannun dama suke bi, amma babura ba su da iyaka, kuma ƙa'idar ɗaya ce: kada ka tsaya farat ɗaya, kada ka zabura. Ka tafi a hankali a kan layinka, su za su ratsa ka ta hagu da dama. In an danna maka oda ba faɗa ake nema ba, ana dai gaya maka ga wani nan a bayanka.

Kogi ne ya raba garin biyu, suna ce masa Song Huong. Kudancinsa unguwar da Faransawa suka gina ce, da faffaɗan tituna da itatuwa. A nan makarantar Quoc Hoc take, mai jan fenti, wadda aka buɗe a 1896. Ho Chi Minh, jagoran 'yan gurguzu da ya shugabanci arewa bayan an raba ƙasar biyu, ya yi karatu a cikinta, babban kwamandansa Janar Giap ma haka, haka kuma Ngo Dinh Diem wanda ya zo ya shugabanci kudu. Makaranta ɗaya ta yaye waɗanda daga baya suka ja daga da juna. In ka haye gadar ƙarfe ta Truong Tien zuwa arewa, kasuwar Dong Ba tana hannun damanka, ganuwar birni tana hagu.

Ganuwar nan ta bulo ce, kewayenta ya kai kilomita 10, ga ramin ruwa ya zagaye ta. Sarki Gia Long, wanda ya haɗe ƙasar ya kafa gidan sarautar Nguyen a 1802, shi ya sa aka fara ta. Sarakuna 13 suka yi mulki daga nan har 1945. Abin da wanda ya zo a motar 'yan yawon buɗe ido ba zai gani ba shi ne, cikin ganuwar gari ne mai rai. Ka kutsa ta wata ƙofa mai duhu da ba ta wuce faɗin mota ɗaya ba, sai ga ka cikin lunguna: tela a bakin kekensa, yara da kayan makaranta, tafkuna cike da wani irin bado, tsofaffi a kan 'yan kujerun roba suna shan shayi. Fadar kanta tana can ciki da tata katangar, kuma nan dole ka jingine keke ka shiga da ƙafa.

Babbar ƙofar fada, Ngo Mon, an gina ta a 1833. Mashiga biyar gare ta. Ta tsakiya sarki kaɗai ke bi, biyun da ke gefenta na fadawa da manyan ma'aikata ne, na ƙarshe kuma na dakaru da dawaki da giwaye. A saman benen ƙofar nan ne sarki na ƙarshe, Bao Dai, ya miƙa hatimi da takobin sarauta ga wakilan Viet Minh, ƙungiyar neman 'yanci ta su Ho Chi Minh, a ƙarshen watan Agusta na 1945. Ya rasu a Faris a 1997. Bayan zauren sarauta kuwa, inda a da gidajen iyalin sarki suke, fili ne da ciyawa da tushen gini. Wuta ta ci wani sashe a yaƙin 1947, sannan a farkon 1968 dakarun arewa da Viet Cong, 'yan tawayen gurguzu na kudu, suka kama garin, Amurkawa da sojojin kudu suka shafe kusan wata guda suna ƙwato shi gida-gida. Dubban fararen hula sun mutu, wasu a ruwan wuta, wasu kuma a ramukan da aka tono daga baya aka same su. Har yau akwai gurbin harsashi a jikin bango. Tun da UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 1993 ake ta gyara, kuma gyaran yana da kyau, amma ni wuraren da ba a taɓa ba sun fi tsaya mini a rai.

Yanzu ga amsar tambayarka. Abincin da Hue ta yi suna da shi a duk faɗin ƙasar shi ne bun bo Hue, taliyar shinkafa a romon naman sa, da ciyawar nan mai ƙamshin lemun tsami, da barkono, da dakakken jatan lande da aka bari ya ruɓa. Ƙamshinsa tun asuba yake cika titi. Na tsayar da keke gaban wata tsohuwa mai malfa da ke zaune kusa da tukunyar dalma a kan garwashi, yawuna har ya tsinke. Ta zura ludayi ta juya, sai ga ƙofaton alade ya taso, ga gudajin daskararren jini masu launin hanta suna yawo a saman romon. Na yi mata murmushi na tura kekena gaba. Banh beo, 'yan wainar shinkafa da ake turarawa a ƙananan faifan tangaran, soyayyar fatar alade ake barbaɗa musu. Com hen, shinkafa da 'yan mitsi-mitsin ƙumba da ake tsamowa a wani tsibiri na tsakiyar kogin, ita ma haka. Banh loc na garin rogo ne a naɗe cikin ganyen ayaba, ka buɗe ka ga jatan lande ta cikinsa don tsabar haske, amma a gefen jatan landen ga ɗan yankin kitse. Alade a nan ba ya sallama, ko'ina ka duba yana ciki. Da fari burodi da ƙwai da ayaba suka riƙe ni.

Matar gidan ce ta lura. Ta rubuta mini "chay" a ɗan guntun takarda, ta ce duk shagon da na ga wannan a allonsa in shiga ba tare da fargaba ba. Abincin mabiya addinin Buda ne masu kame baki daga duk wani abu mai rai. Hue cibiyar wannan addini ce a ƙasar, wuraren ibadarsu ba su ƙirguwa, kuma ranar 1 da ranar 15 ga watan sama mutane da yawa ba sa cin nama, har wasu masu sayar da taliya kan juya tukunyarsu zuwa ta ganye a ranakun. Mutumina, ban taɓa sanin za a yi wa awara hidima haka ba. A soya ta, a dafa ta da naman kaza, wato laimar kwaɗi, a kaskon ƙasa, a yanka ɗanyen ɓaure sirara a haɗa da riɗi da gyaɗa. Har bun bo ɗin suna da irin nasu wanda ba nama ba ƙashi, kuma yajin bai ragu ba, don mutanen Hue sun fi sauran ƙasar son barkono. In na gama sai in bi da che, wani zaƙi-zaƙi na wake ko 'ya'yan bado da madarar kwakwa. Akwai kuma kofi mai gishiri, wanda a garin nan aka ƙirƙiro shi: madara mai kauri da ɗan gishiri a ƙasan kofi, baƙin kofi yana ɗiga daga matacin ƙarfe a sama. Na ɗauka wasa ne. Yanzu kullum sai na sha.

Irin waɗannan shaguna sun fi yawa kusa da wuraren ibada, don haka neman abin da zan ci ne ya riƙa zaɓa mini hanya. Shi ya bi da ni gefen kogi zuwa yamma, ta unguwar Kim Long mai gidaje cikin lambuna, har wurin ibadar Thien Mu. Tun 1601 aka kafa wurin a kan wani tudu, hasumiyarsa mai hawa bakwai kuma a 1844 aka gina ta. Can baya, a wata rumfa, an ajiye tsohuwar mota ƙirar Austin, shuɗiya, tsatsa ta fara cin ta. Ita ce ta kai wani sufin addinin Buda mai suna Thich Quang Duc tsakiyar Saigon ranar 11 ga Yunin 1963, inda ya zauna a titi aka zuba masa fetur ya cinna wa kansa wuta. Rikicin a Hue ya faro, wata guda kafin nan, da gwamnatin Diem ta hana ɗaga tutar mabiya Buda a ranar bikinsu, aka buɗe wuta kan masu zanga-zanga, mutum tara suka mutu. Kafin shekarar ta ƙare sojoji sun kifar da Diem sun kashe shi. Addininmu bai yarda mutum ya kashe kansa ba, ban kuma canza ra'ayi ba, amma na daɗe tsaye gaban motar nan. Da la'asar ta yi na sauka bakin kogi na shimfiɗa darduma. Alƙibla a nan yamma take, har yanzu jikina bai gama sabawa ba.

Hubbarorin sarakuna suna kudu da gari cikin tsaunuka, nan ne cinya ke gaya maka shekarunka. A hanya akwai ƙauyen Thuy Xuan, inda ake murza turaren tsinke a baza shi dami-dami a bakin titi, ja da rawaya da kore. Hubbaren Sarki Tu Duc ya fi burge ni. Shi ya fi kowa daɗewa a gadon, daga 1847 zuwa 1883, kuma a zamaninsa Faransa ta fara yagar ƙasar. Tun yana raye ya gina wurin, tsakanin 1864 da 1867, da tafki da rumfar da yake zama yana rubuta waƙoƙi. Aikin tilas ne, kuma wahalar ta kai ma'aikatan suka yi bore a 1866, makamansu taɓaren da suke daka farar ƙasar gini da su. Mata sama da ɗari ya aura bai samu haihuwa ba, don haka rubutun da ɗa ya kamata ya yi wa uba a kan dutsen hubbare, shi ya yi wa kansa, ya kuma lissafa gazawarsa a ciki. Na Khai Dinh kuwa siminti ne baƙi-ƙirin a jikin tsauni, cikinsa an manne shi da fasassun tangaran da gilashi tun daga ƙasa har rufi. Daga 1920 zuwa 1931 aka yi ana gininsa, sai da aka ƙara wa talakawa haraji. Mutane suna ta ɗaukar hoto. Ni abin da na gani sarki ne wanda mulki ya riga ya bar hannunsa, ya rage masa ado.

Kai da kake son tarihi, ga wanda na ajiye maka. Ka tuna yadda Turawan Ingila suka kai Sarkin Kano Alu Lakwaja bayan 1903? Faransawa ma haka suka yi a nan, kuma Afirka suka riƙa turo nasu. Sarki Ham Nghi yana ɗan saurayi ya gudu daga fada a 1885 ya yi kiran a tashi a yaƙi Faransa. Da suka kama shi a 1888, Aljeriya suka kai shi, ya zama mai zane, ya rasu a can a 1944. Duy Tan yana ɗan shekara 7 suka naɗa shi, suna ganin yaro ba zai ba su ciwon kai ba. A 1916 ya shiga shirin tawaye, suka tura shi tsibirin Reunion tare da mahaifinsa. Ajalinsa a haɗarin jirgin sama ya same shi a watan Disamban 1945, a ƙasar da yau ake kira Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, maƙwabciyar Chadi da Kamaru. Sai a 1987 aka dawo da ƙasusuwansa Hue.

Jiya na yi gabas, cikin gonakin shinkafa, zuwa gadar Thanh Toan, 'yar gadar katako mai rufin tayil da wata mata ta ɗauki nauyin ginawa a 1776 don manoma su samu wurin hayewa da hutawa. Har yau tsofaffin ƙauyen a kan bencinta suke gyangyaɗi. A hanyar dawowa taya ta sace, ruwa kuma ya kece. Ruwan Hue ba ya wasa, abin da ke sauka a shekara ya kusa milimita 3,000, kuma ambaliyar 1999 har yanzu ana zancenta. Wani mai faci a ƙarƙashin rumfar kwano ya ciro tub ya tsoma a bahon ruwa yana neman inda kumfa ke fita, matarsa ta miƙo mini shayi mai zafi da alawar riɗi irin tasu, me xung, mai danƙo. Ba mu da kalma ko ɗaya da muka haɗa. Kuɗin facin da yatsu ya nuna mini, na alawar kuwa ta ƙi karɓa.

Wakilina ya bugo ɗazu, ya ce akwai alamar takardun za su fito mako mai zuwa. In Allah ya yarda zan bi jirgin ƙasa ta Da Nang in koma kudu. Don Allah ka leƙa gidana ka ga ko an biya kuɗin makarantar yara, in akwai saura ka cike, ma yi lissafi in na dawo. Ka gaishe da Hajiya da kyau, da mutanen majalisa baki ɗaya. In ka samu sarari ka rubuto mini farashin riɗi a Dawanau, akwai wanda ya tambaye ni a Saigon.

Wassalam.

Naka amini har kullum.