Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Delege, shugaban ofishin makarantun sakandare na jihar Arewa, Garwa, Kamaru

Assalamu alaikum ranka ya daɗe. Ya aiki, ya iyali, ya kuma zafin garin namu.

Ni tela ne a nan Garwa, gidana a Hausare yake, ina da yara biyu a wani kolej na gwamnati wanda ba zan kama sunansa ba saboda ba faɗa na zo yi da kowa ba. Macen tana sankiyem, wato aji biyu na sakandare, namijin yana turwaziyem, aji huɗu, bana zai zauna jarabawar BEPC ta gama ƙaramar sakandare in Allah ya kai mu. Na san ba a saba ajiye maka takarda da Hausa a tebur ba, to da gangan na yi, kuma na tabbata ba za a rasa wanda zai karanta maka ba a ofishin nan, ko masinja ko direba.

Ranka ya daɗe mu iyaye ba mu san me 'ya'yanmu suke yi a makaranta daga Litinin zuwa Juma'a ba, wallahi ba mu sani ba. Neman mu ake yi in lokacin rantire, wato komawa makaranta, ya zo a watan Satumba za a biya kuɗi, sefa 7,500 ɗin gwamnati sannan na APEE, ƙungiyar iyaye da malamai, a kai wanda galibi ma ya fi shi nauyi, sai kuma ƙarshen zango a zo a karɓi bulten, takardar sakamako, sai ranar da yaro ya yi laifi sirbeyan, malamin ladabtarwa, ya koro shi ya ce kar ya dawo sai da babansa. Shikenan fa. Tsakanin waɗannan yaro ya fita da safe da jaka ya dawo da yamma da jaka, ka ce me aka koya muku yau ya ce ba komai, ka buɗe kaye, littafinsa na rubutu, ka ga rubutu da Faransanci ka rufe ka miƙa masa abinsa.

Shagona daga watan Agusta har Satumba ɗinkin tenu, kayan makaranta, kawai nake yi, iyaye suna zama a benci suna jiran kayansu ana hira, nan nake jin abin da ke cikin mutane. In Disamba ta zo kuma wasu su dawo min da bulten saboda sun san na ɗan taɓa lekol, wato boko, har CM2, ajin ƙarshe na firamare, ina iya haɗa baƙi. Akwai wata baiwar Allah mai sayar da ƙosai da ta kawo min na ɗanta tana fara'a, wai ya ce mata shi ne na bakwai a aji. Na duba na ga 7 ɗin nan makinsa ne cikin 20, ko rabin da ake nema bai kai ba, matsayinsa kuwa yana can ƙasa kusa da na ƙarshe. Na rasa ta inda zan fara gaya mata. Matar nan tun asuba take gaban wuta saboda yaron, kuma ba sakaci ta yi ba, kullum tana tambayarsa, amsar da ya ga dama yake ba ta don ya san ba ta da inda za ta je ta tabbatar. Wata uku sun tafi kafin ta ji gaskiya, shi ma a bakin tela. Da tun makon da ya fara zamewa wani ya gaya mata da harshen da take ji ai da ta san matakin da za ta ɗauka, ko kawunsa ta kira masa.

Ɗan abin da na sani na yadda mako ke tafiya a bakin 'yata na tsinta, ita mai surutu ce ba kamar yayanta ba. Litinin da safe a ɗaga tuta a yi taken ƙasa direkta ya yi jawabi, duk sanarwar mako a nan ake yin ta, ga yara a tsaye a rana rabinsu suna tsokanar juna, to sanarwar da aka yi a haka wace ce za ta iso gida daidai? Sai darussa, lissafi, Faransanci, Turanci, kimiyya, tarihi da labarin ƙasa, kwamfuta wadda yawancinta a allo ake zana ta, wasan motsa jiki a fili. Akwai ranar shara da cire ciyawa. 'Yan turwaziyem kuma ana kiran su ran Asabar wai ƙarin darasi saboda jarabawa, wani lokaci da 'yan kuɗi, kuma daidai lokacin ne yara da yawa a unguwarmu suke islamiyya, sai ka ga malamin islamiyya yana fushi yaro ya daina zuwa, uba yana fushi, yaron yana tsakiya. Ba wanda ya taɓa zaunar da mu aka ce ga yadda za a raba lokacin nan.

Amma Laraba ita ta fi damuna. Kowa ya san ran Laraba ana tashi da wuri, wajen azahar an sallame su, yammar ta kulob-kulob ce, na jarida, na lafiya, na harsuna biyu, na wasan kwaikwayo, na ƙwallo. A takarda abin gwanin sha'awa. A zahiri kuwa, a makarantar yarana dai, kulob ba ya motsi sai 11 ga Fabrairu ta matso za a yi bikin matasa, ko 20 ga Mayu ranar bikin ƙasa, nan ne za ka ga ana ta gwajin maci da rawa, da an wuce sai shiru. To amma yara ba su daina cewa suna da kulob ba ai. Duk Laraba yaro zai ce maka baba yau muna da kulob sai yamma, kai kuma ba ka da yadda za ka san akwai ko babu, wasu suna gidan gem, wasu suna tsaye wajen masu cacar ƙwallo suna koyon abin da bai kamata ba, wasu lokacin zafin Maris da Afrilu da gari ke haura digiri 40 sai bakin Binuwai wanka, kogin da har dorina ke ciki. 'Yan mata kuma ba sai na faɗa ba, kai ma uba ne. Wannan rashin sanin shi ke sa wani ya ce shi 'yarsa daga katiriyem, aji uku, ta gama, ba don ya ƙi boko ba, tsoro ne kawai na awannin da bai san inda take ba.

Yanzu taron APEE. Ina zuwa, ban cika fashi ba. Za a sa shi ran Asabar da safe lokacin da ɗan kasuwa ke buɗe rumfa, mata kuma suna kan girki, a shigo a fara da Faransanci a ƙare da Faransanci, ma'aji ya karanto lissafi da gudu kamar mota za ta bar shi, a ce akwai mai tambaya, mutum biyar shida masu aikin ofis su yi magana, sauranmu mu yi tafi a ce an amince. Na taɓa ɗaga hannu na yi tambaya da Fulatanci kan kuɗin sayen benci da aka karɓa, aka ba ni amsa da Faransanci, mutane suka yi dariya, dattijon da ke kusa da ni ya ce min ɗana ka ga abin da ya sa muke shiru. Ban ce an ci kuɗin kowa ba, Allah ya sani ban gani ba. Cewa na yi kuɗin nan da shi ake biyan malaman da ba gwamnati ta ɗauka ba, da shi ake sayen alli a gyara rufin aji a gyara foraj, rijiyar burtsatse, kuma daga aljihun mai ƙosai da ɗan moto da mai wankin hula ya fito, to me zai hana a gaya musu inda ya tafi da bakin da suke ji?

Kuma ba alfarma nake roƙo ba ranka ya daɗe. Dokar ilimi ta 14 ga Afrilu 1998 ta lissafa iyaye a cikin waɗanda makaranta ta tsaya a kansu tare da malamai da shugabanni da ɗalibai, ita ce kuma ta yi maganar ɗaukaka harsunanmu na gida. Dokar 2001 da ta tsara makarantun gwamnati ta ba iyaye kujeru a majalisar makaranta. Kujerun suna nan, masu zama a kai ne ba ma sanin wa ya zaɓe su da me suka tattauna.

Abin da nake so ka taimaka ka yi ba mai cin kuɗi ba ne. Ka sa hannu a takarda zuwa ga daraktoci da furobizo, shugabannin makarantun sakandare na jihar nan, daga Binuwai har Faro da Mayo-Luti da Mayo-Rey, cewa duk Juma'a malamin da aka ɗora wa aji ya fitar da ɗan taƙaitaccen bayani na mako, kamar layi biyar. Wannan makon a lissafi ga inda muka kai, mako mai zuwa akwai sekans, jarabawar cikin zango, ran kaza, Laraba akwai kulob har ƙarfe kaza ko kuma babu kulob yara su wuce gida, malamin kimiyya bai samu zuwa ba, Asabar akwai darasi ko babu, in da kuɗi nawa ne. Iyakarsa kenan. Ya rubuta da Faransancinsa ba laifi, mu za mu nemo a cikinmu wanda zai maida shi murya a WhatsApp, minti biyu da Fulatanci, wani ya yi da Hausa, in ajin akwai Tupurawa ko Mundang ko Gidar ko Fali da yawa su ma su fitar da nasu. Guruf ɗin aji ai akwai shi tuni, sai dai ya cika da barka da Juma'a da tallan atamfa da hotunan da ba a san daga ina suke ba, sanarwar makaranta in ta shigo ma hoton takarda ne dishi-dishi. Wanda ba shi da babbar waya maƙwabcinsa yana da ita, a unguwa irin tamu magana ba ta kwana, kafin la'asar ta zaga. A ƙauyukan da netuwok ke wahala a ba limami da fasto su faɗa bayan salla da bayan coci, haka ake yi in za a yi allurar rigakafi kuma yana aiki.

Na san malamai za su ce an ƙara musu kaya, kuma suna da gaskiyarsu. Aji cike maƙil yara uku huɗu a benci ɗaya, ga takardun gyarawa, ga wasu sun yi shekaru suna bin haƙƙinsu, ba mu manta da yajin aikin malamai na 2022 da ake kira OTS ba lokacin da suka ajiye alli makonni yaranmu suna zuwa suna dawowa ba karatu. A lokacin nan iyaye da yawa zagin malamai suka riƙa yi don ba wanda ya yi musu bayanin me ake ciki, da akwai wata hanya tsakaninmu da tuni mun fahimce su, wataƙila ma mu taya su magana. Shi ya sa na ce layi biyar kawai malami zai rubuta, sauran wahalar a bar mana. Kuma ni a ganina malami ne zai fi kowa hutawa, uban da ya san ran Talata akwai jarabawa ba zai aiki yaro Pitowa cin kasuwar Lahadi ya dawo da dare a gajiye ba.

Taron APEE kuma dan Allah a sa doka a samu tafinta, a rubuta lissafi a allo da manyan lambobi a bar shi har a tashi, lamba kowa yana ganewa ko bai yi lekol ba, 'yan kasuwa ne fa. A riƙa canza lokaci, wani a yi shi Lahadi bayan la'asar. Sannan a ware wa iyaye mata nasu zaman ko sau ɗaya a zango tare da malamai mata, domin gaskiya su ne ke gida, su suka san yaron da ya fita bai karya ba da yarinyar da ke fashin makaranta duk wata saboda ban ɗakin makaranta ba ƙofa ba ruwa, wannan magana ba za ta taɓa fitowa a gaban maza ba. Matan nan da kake gani suna riƙe adashi na shekara da shekaru ba a taɓa jin ko dala ta ɓata ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Yammar Laraba ma in malamai sun gaji a buɗe mana ƙofa mana. Ni zan iya zuwa in nuna wa yara yadda ake ɗaukar awo da yanka, lissafin santimita ɗin da suke kuka da shi a aji ai shi nake ci da shi. Akwai makanike a cikinmu, akwai nas mai ritaya, akwai wanda ya yi aiki a kamfanin auduga na Sodecoton har ya tsufa zai iya ba su labarin auduga daga gona har masaƙa. Yaro an haife shi a Garwa bai taɓa leƙa makarantar koyon kula da namun daji da ke garin nan tun 1970 ba wadda ake zuwa daga ƙasashen Afirka daban-daban, bai taɓa ganin madatsar Lagdo da ke ba mu wuta ba, sai dai ya haddace a kaye. In aka gaya mana da wuri kuɗin mota ba zai gagare mu ba, muna haɗa fiye da haka in biki ya tashi.

In ka ga abin ya yi yawa a fara gaba ɗaya, ka zaɓi makarantu kaɗan a cikin Garwa a gwada zango ɗaya daga rantire mai zuwa, in an zo raba bulten na Disamba ka aiko mutum ya tsaya a bakin get ya tambayi iyaye da Fulatanci ko sun ga bambanci. Mu a Hausare mun riga mun yi magana da wasu iyaye, masu yin muryar Hausa da Fulatanci suna nan a shirye, takardarka kawai direkta yake jira don ya ce shi ba zai fara abin da ba a umarce shi ba.

Allah ya taya ka riƙo, ya sa ka gama lafiya.

Naka,
wani uba, tela a Hausare, Garwa