Maganar lantarkin leza: ina labarin abin da ke riƙe da madubai?

Ranka ya daɗe Edita, assalamu alaikum.

Don Allah ka ba ni ɗan fili in yi magana a kan binciken nan na samar da lantarki ta hanyar haɗe ƙwayoyin zarra da hasken leza. Tun ƙarshen 2022 jaridu ke ta yayata shi, amma kullum maganar ita ce ƙarfin lezar da zafin da ya zarce na cikin ita kanta rana, ba ka jin an ambaci ginshiƙai da mazaunan da ke riƙe da madubai masu kai hasken lezar inda ake so, alhali wallahi in su ba su tsaya cik ba to duk ƙarfin nan asara ne.

Ranar 5 ga Disamba 2022 a cibiyar gwajin leza ta NIF da ke jihar Kalifoniya ta Amurka aka harba haske mai ƙarfin megajul (ma'aunin makamashi) 2.05 aka samu megajul 3.15, wato makamashin da ya fito ya fi wanda hasken ya kai, wannan shine abin da ya sa duniya ta ɗauka. To hasken ba guda ɗaya ba ne fa, zare 192 ne, kowanne faɗinsa ya kai kusan santimita 40, kuma sai ya yi tafiyar kusan kilomita ɗaya da rabi a cikin ginin yana kai da komowa, wannan madubi ya miƙa wa wancan, kafin duk su taru a cikin wani ɗan gwangwani na zinare mai ɗauke da ƙwallon makamashi, wato ƙunshin ƙwayoyin zarrar da za a haɗe, mai faɗin kusan milimita 2. Kaucewar da aka yarda da ita kusan maikuron 50 ce, wato ka raba milimita ɗaya gida ashirin ka ɗauki ɗaya.

Duk wanda ya taɓa wasa da madubi yana haska rana a bango mai nisa ya san abin da nake nufi, hannunka ya ɗan motsa kaɗan sai ka ga hasken ya yi tsalle. Kuma in madubi ya karkata da wani gwargwado, hasken da ya dawo daga shi ninki biyu yake karkata. A irin wannan aikin karkatar da ake tsoro ita ce wadda ba ta fi milimita ɗaya a tsawon kilomita guda ba, ido ba ya gani, hannu ba ya ji.

Meke kawo motsin? Ƙasa kanta ba ta taɓa tsayawa, ga motoci a titi, ga iska tana bugun gini, ga kuma babban ciwon kan wato fankoki da famfunan da ke cikin ginin, waɗanda ba za a iya kashe su ba. Kowane tsarin ƙarfe yana da nasa saurin kaɗawa, in aka yi rashin sa'a ya zo daidai da na wani famfo sai ƙaramar jijjiga ta zama babba. Shi ya sa injiniyoyi ke yin mazaunin gajere mai tauri da ƙarafan tokara ta ko'ina, don saurin kaɗawarsa ya haura wanda ƙasa ke kawowa. Ƙarfe yana da tauri amma in ya fara rawa yana daɗewa bai daina ba, kankare kuma nauyi gare shi yana shanye jijjiga, don haka a NIF haɗa su aka yi, manyan firam na ƙarfe da ke ɗauke da madubai masu juya haske an ɗaure su a jikin katangun kankare masu kauri.

Sai zafi, kuma ni wannan ya fi ba ni mamaki. Ƙarfe mai tsawon mita ɗaya yana miƙewa da kusan maikuron 12 in zafi ya ƙaru da digiri ɗaya kacal, kaga in mita 10 ne ya zama 120, har ya ninka abin da aka yarda da shi. Dole a riƙe yanayin ɗakin kar ya canza, amma na'urorin da ke wannan aikin su ne kuma masu kawo jijjiga! Hatta yadda ake ɗaure gilashin akwai ilimi a ciki, ana zaunar da shi a kan wurare uku ne, don in ka ƙulle shi da notuna ta ko'ina sai ya lanƙwashe fuskarsa ta ɓaci.

Faransa ma tana da irin wannan cibiya kusa da birnin Bodo, kuma matsalar ɗaya ce.

Abin da ya sa na rubuto dai shine, duk wannan wahalar a ɗakin gwaji ne, inda ake harbi sau ɗaya a jira awanni komai ya huce a sake saiti. Tashar lantarki ta gaske kuwa sai ta harba kusan sau 10 a kowace daƙiƙa dare da rana, kowane harbi fashewa ce da za ta girgiza ɗakin, ga niyutron, wato ƙananan ɓarɓashin zarra da fashewar ke fesowa, da za su riƙa dukan madubin ƙarshe suna lalata shi da abin da ke riƙe da shi, dole a zagaya masa da ruwan sanyaya wanda shi ma gudunsa jijjiga ce, sannan ƙwallon makamashin ba ajiye shi za a yi ba, jefo shi za a yi, madubi ya bi shi da saiti a guje. Ana son mazauni wanda ba ya motsi ko kaɗan, a kansa kuma madubi mai motsi da sauri, kuma in ya lalace inji ne zai cire shi ya saka sabo ya zauna daidai inda tsohon yake tunda mutum ba zai shiga wurin ba. Har yau babu tashar da ta yi wannan.

Roƙona Edita, in za ku sake kawo labarin nan ku nemi injiniyan gini ko na ƙarfe ku ji ta bakinsa, ku tambaye shi wane irin mazauni zai jure harbi goma a daƙiƙa, kuma wata nawa madubin ƙarshe zai yi kafin a canza shi.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naku, mai karatu a kullum.