Saura Sati Uku Ɗaurin Aurena, Takardar Gwaji Ta Dagula Komai

Assalamu alaikum Anti, Allah ya saka miki da alheri bisa yadda kike share wa mutane hawaye a filin nan. Don Allah a sakaya sunana, kada kuma a faɗi unguwarmu, domin 'yan gidan wanda zan aura ba sa bari shirin nan ya wuce su, musamman yayarsa.

Anti, yau kwana huɗu rabona da barcin kirki. Saura sati uku a ɗaura min aure. An raba kati, an fitar da anko kala biyu, lefe yana ɗakin Ummanmu akwati shida da kit, sai ga shi a gwajin jini wai ni AS shi ma AS, wato dukanmu muna ɗauke da ƙwayar gadon sikila. Ki yi haƙuri in kin ji ina kai-komo, kaina ba a daidai yake ba.

A 2021 muka haɗu, ina karatu a Jami'ar Bayero. Wayata ce ta faɗi gilashinta ya fashe, na je kasuwar waya ta Farm Centre, wani mai gyara ya tsuga min kuɗi. Shi yana shagon da ke kusa, ya taso ya ce a ji tsoron Allah, ɗaliba ce, aka rage kusan rabi. Daga nan ya karɓi lambata wai don ya ji ko gyaran ya yi. Sau uku yana kira yana tambayar lafiyar waya, a na huɗu na ce masa waya dai ta warke, sai ya ce to saura mai wayar. Ni ba mai kula samari ba ce, kowa a layinmu shaida ne, sai da ya yi wata biyar yana sintiri kafin na ba shi tabarma a zaure.

Ba zan ɓoye alherinsa ba ko da yanzu ina jin haushinsa. Lokacin yajin aikin ASUU na 2022, wata takwas muna zaune a gida, shi ya ba ni jari na fara turaren wuta da humra, har yau da su nake rufa wa kaina asiri. A farkon 2023 kuma, lokacin canjin kuɗi da mutane ke kwana a layin ATM, Abbanmu ya kwanta rashin lafiya, mai kemis ya ce shi ba ya karɓar taransifa. Bawan Allahn nan ya zo da dare da naira dubu talatin sababbi a aljihun shaddarsa, har yau ban san inda ya samo su ba. Da Abba ya miƙe, da bakinsa ya ce yaron nan ya turo magabatansa. To ki gaya min, wanda ya yi wannan ne zai zauna shekara huɗu yana kallon idona yana ɓoye min abu?

Manya sun zo, an yi gaisuwa, aka kawo kayan sa rana, goro da alawa da biskit da buhun gishiri, aka raba wa dangi har na ƙauye. Sadaki ma a ranar suka bayar, dubu ɗari biyu, na ce a zuba a kuɗin gado da kujeru. Kin san yadda kaya suka yi tun da aka cire tallafin mai, kafinta yau ya faɗi kuɗi, jibi ya ce katako ya tashi. Umma ta sayar da sarƙarta ta gwal wadda ta gada wajen kakarmu, ta ɗauki adashi biyu, muka yi ta zarya Sabon Gari muna haɗa kayan kicin. Ita ce ma ta fi ba ni tausayi, tun ranar gwajin take zaune kan sallaya ba ta cewa komai.

Yadda abin ya faru, Baffa ne waliyyina, ya ce liman ba zai ɗaura ba sai da takardar gwaji, tun da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar gwajin kafin aure a 2024. Ana duba ƙanjamau da ciwon hanta da rukunin jini na AA ko AS ko SS da sauransu. Wata biyu ina cewa mu je, kullum ya ce kasuwa. Yanzu na gane dalilin jan ƙafar. Ni da muka je fargabata duk a kan ƙanjamau take, Allah ya yafe min zato. Ma'aikaciyar ta kira mu tare ta rufe ƙofa, ta ce sauran duk lafiya lau, amma mu biyun AS ne. Ta zana mana a takarda, ta ce kowane ciki da zan ɗauka akwai kaso ɗaya cikin huɗu ya zo SS, wato sikila, biyu cikin huɗu AS, ɗaya AA. Ta ce kada mu ɗauka in mun haifi huɗu ɗaya ne kawai zai yi ciwon, kowane ciki da lissafinsa, za su iya zuwa duka lafiya, za su iya jeruwa da ciwon. Ina kuka na waiga na dube shi, Anti ko gezau. Fuskar wanda aka gaya wa abin da ya riga ya sani. A cikin adaidaita sahu na tsare shi, ya ce eh, tun yana bautar ƙasa ya san nasa, wai yana ta addu'a ne nawa ya fito AA.

Hajiyarsa kuwa dama ba ƙaunata take ba. Tun farko 'yar ƙanwarta take so ya aura, ni ta ce 'yar boko ce, idona a buɗe. Ranar kawo lefe yayarsa ta ƙirga tukwicin da muka ba su a tsakar gidanmu, a gaban ƙannen Umma, ta taɓe baki. Na shanye saboda shi. Washegarin gwajin tun kafin azahar Hajiyar ta kira Umma, muryarta kamar wadda aka yi wa albishir, wai lafiya uwar jiki, a yi haƙuri, haka Allah ya ƙaddara. Ba ta ajiye wayar ba sai da ta tambayi yaushe za a aiko a ɗauki akwatuna. Ko kunya. Alhali an riga an ɗebi kayan fitar biki an kai wa tela, leshi biyu da atamfa super huɗu duk an yanka. Wai har an fara cewa ita 'yar'uwar tasu AA ce. Yaushe aka gwada ta, in ba dama a shirye suke ba?

Shi kuma ya ƙi tsayawa a magana ɗaya. Daren farko ya ce yana da wanda zai rubuta mana takarda a sa min AA, a kai wa liman, Allah ne mai rayawa, ga abokinsa nan da matarsa duk AS 'ya'yansu uku garau. Kashegari ya ce Hajiya ta ce in ya aure ni ba da yawunta ba, shi kuma ba zai saɓa wa mahaifiya ba. Jiya ƙarfe biyun dare ya turo saƙon murya yana kuka, wai in na bar shi ba zai ƙara moruwa ba. Da safe na kira bai ɗauka ba.

Ni na san sikila, ba labari aka ba ni ba. Ɗan Gwaggona da shi ya rayu shekara 14. In hunturu ya shigo sai ciwon ƙashi ya tashi, yaro yana birgima yana cewa a cire masa ƙafar, idanu sun yi ɗorawa, yau ƙarin ruwa gobe neman jini. Ni nake kai musu fulas ɗin shayi asibiti. Ranar da ya rasu Gwaggo ta ce ya huta, ban taɓa jin uwa ta faɗi haka a kan ɗanta ba. Wata ƙawata ta ce ai yanzu ana iya gwada ciki tun yana ƙarami a san rukunin jinin ɗan. To in an ga SS ne sai a yi yaya, a zubar? A'uzubillahi. Ta ce akwai kuma dashen ƙwai da ake zaɓen mai lafiya, amma maganar miliyoyi ce, mai shagon waya ina ya gan su.

Akwai abin da ban faɗa ba, kuma ko Umma ba ta sani ba. Lokacin rajistar shiga jami'a an ce mu kawo takardar lafiya, na yi gwaji a wani ɗakin gwaji na waje, kuma ina jin AS ɗin aka rubuta. Amma Anti shekarata 18 a lokacin, ba wanda ya zaunar da ni ya yi min bayani, na sa a fayil na manta. To, ba mantawa gaba ɗaya ba, yakan faɗo min jefi-jefi, sai in ce ai shi lafiyayye ne, ko zazzaɓi bai cika yi ba. Nawa ba ɗaya yake da nasa ba. Shi ne namiji, shi ne babba, ya girme ni da shekara bakwai, shi ya zo nema, shi ya kamata ya fara tambaya. Da ya tambaye ni wallahi da na faɗa.

Na yi istihara sau uku ban ga komai a mafarki ba, sai dai ƙirjina da ke ƙara nauyi. Baffa ya ce ya ba ni zuwa Juma'a in faɗi matsayata, shi ba zai yi waliccin takardar ƙarya ba in ma da gaske ne abin da ya ji. Ban san wa ya kai masa ba, ina zargin yayar tasa.

Anti, in aka fasa, a shari'a wa zai biya wa? Tun da daga wajensu maganar fasawar ta fara fitowa, dole ne mu mayar da kayan da aka riga aka ɗinka, da sadakin da ya zama gado da kujera? Sarƙar Umma fa, wa zai dawo mata da ita? Kuma in na yi shiru ban gaya masa ni ma na sani ba, ina da alhaki? Domin in na faɗa, Hajiyarsa ta samu abin yawo da ni a dangi, a ce mu muka rufe su. Ni dai abin da ya fi ci min rai, kukan da ya yi jiya na gaskiya ne, ko so yake fasawar ta fito daga bakina don ya fita da farin jini ya je ya auri 'yar'uwarsa? Ke kin ga irin waɗannan da yawa, ki duba min.

Ɗazu tela ya kira har sau biyu, na san cewa zai yi in zo in gwada kayan kamu. Ban ɗauka ba.

Taki ƙanwa, daga Kano.