A riƙa ba nakasassu amsa a rubuce

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida domin in ja hankalin hukumomi a kan halin da nakasassu ke shiga a nan jihar Maradi idan suka tashi neman haƙƙin da doka ta ba su, musamman a lokacin da aka ce musu ba su cancanta ba.

Ƙasarmu ba ta rasa dokoki a kan wannan batu ba. Tun 1993 aka kafa dokar kare nakasassu, wadda ta wajabta wa duk ma'aikatar da ke da ma'aikata 20 ko fiye ta keɓe musu kashi 5 cikin ɗari na guraben aiki. A 2008 Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya a kan haƙƙoƙinsu, sannan a Disambar 2019 aka yi sabuwar doka. Ƙidayar 2012 kuwa ta nuna kashi 4.2 cikin ɗari na ƴan ƙasa suna da wata nakasa, wato mutum sama da 700,000. Abin da ya rage shi ne yadda makaho daga Dakoro ko gurgu daga Tasawa zai kai hannunsa ga abin da aka rubuta dominsa.

Ga ma'aikacin da aka yi wa rajista a asusun CNSS, wato asusun ƙasa mai biyan ma'aikata fansho da diyya, sharuɗɗan fanshon nakasa a bayyane suke. Sai likita ya tabbatar da cewa ya rasa aƙalla kashi biyu cikin uku na ƙarfin neman abincinsa, sai ya kai shekara 5 da rajista, kuma an zuba masa kuɗi na wata 6 a cikin wata 12 da suka gabaci nakasar. Haɗarin da ya auku a bakin aiki yana da nasa tsarin dabam, kuma a can nauyin kai rahoto cikin gaggawa yana wuyan mai gidan aikin. A nan ne ake fara cutar talaka. Na san wani maƙwabcina da injin niƙa ya cinye masa yatsu huɗu na hannun dama. Mai gidansa ya biya kuɗin ɗinki, ya haɗa masa da buhun gero, ya ce ya yi haƙuri ƙaddara ce. Sai da ciwon ya warke, ya tarar ko igiyar wando ba ya iya ɗaurewa sai da taimakon matarsa, sannan ya gano cewa ba a taɓa yi masa rajista ba, ba a kuma kai rahoton haɗarin ko'ina ba. Da an nuna masa hanyar ofishin sufeton ƙwadago tun jinin bai bushe ba, da maganar ta sauya.

Amma babban abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda ake ba da amsa. Sau da yawa mutum yakan haɗa takardar haihuwa, da ta likita, da hotuna, ya biya kuɗin mota tare da ɗan jagora, ya yini a bakin taga, sannan a ce masa da fatar baki: "Takardunka ba su cika ba," ko kuma "Ba ka cikin waɗanda ake ba." Ba a faɗa masa wace takarda ce ta rage ba, ba a ba shi shaidar cewa ya ajiye wani abu ba, ballantana a gaya masa inda zai kai kuka. Alhali kuwa hanyar ɗaukaka ƙara tana nan, domin wanda bai gamsu da hukuncin asusun ba yana iya rubuta koke a sake duba lamarinsa a cikin gida, in abin ya faskara ya nufi kotun ƙwadago. Sai dai alƙali takarda yake dubawa. Yana son ya ga ranar da aka yanke hukunci, da dalilin da aka bayar, da hannun wanda ya sa, kuma shigar da ƙara yana da wa'adi. Wanda aka sallama da baki ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, don haka an rufe masa ƙofar kotu tun kafin ya san tana nan. A ganina wannan ya fi ƙin biyan kansa muni, domin ƙin biya yana iya zama bisa gaskiya, kuma mai gaskiya ba ya tsoron sa hannu a kan abin da ya yanke.

Roƙona ga hukumomi bai wuce ƙarfinsu ba. A ba duk wanda ya ajiye takardunsa rasit mai kwanan wata da hatimi, kuma duk wanda aka hana a miƙa masa takarda mai bayyana dalili da wurin kai koke da wa'adinsa. Tunda kundin tafiyar da mulkin ƙasa da aka zartar a Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ban ga hujjar ci gaba da rubuta wa manomi hukunci da Faransanci kaɗai ba, har sai ya nemi ɗan makaranta ya karanta masa sirrin ciwonsa a bainar jama'a. Makaho a karanta masa a gaban shaidarsa, kurma kuma a samo masa mai maganar hannu.

Mafi yawan nakasassunmu manoma ne da ƴan kabu-kabu da masu ƙananan sana'o'i waɗanda ba su taɓa shiga wani asusu ba, kuma su ma wannan ƙa'ida ta shafe su a duk inda suke neman katin shaida ko rangwamen kuɗin asibiti. Sarkin makafi da sarkin guragu sun san mutanensu gida-gida, haka ma ƙungiyoyin nakasassu na jiha. Idan aka zauna da su, aka kuma sayi fili a gidajen rediyon garin nan ana karanta sharuɗɗan da Hausa a kowane mako, mutumin Mayahi ko Madarunfa zai san takardun da zai ɗauko tun kafin ya sayar da akuyarsa ya yi kuɗin mota.

Na gode da wannan dama.

Naku,
Wani tsohon malamin makaranta,
Unguwar Bagalam, Maradi.