A Bar Mana Littattafanmu 'Yan Rakiya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da sauran ma'aikata, ina neman ɗan fili a shafinku na adabi don in tanka wa rubutun da ya fito makonni biyu da suka wuce, wanda mai shi ya laƙaba wa littattafan da ake rubutawa a kan finafinan kimiyya na Turawa sunan "'yan rakiya". Ya ce neman kuɗi ne kawai aka yi wa bango, kuma mafi lalacewa a cikinsu su ne waɗanda ake kwasar jaruman fim a kai su wata duniya mai kama da tasu amma komai a birkice. Sunan ya ba ni dariya, har na karɓe shi hannu bibbiyu. Hukuncin ne dai rabinsa kawai na karɓa.

Ni malamin kimiyya ne a wata sakandare a nan cikin birni, kuma irin waɗannan littattafai a gwanjo na san su, wajen masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a ƙasa ta gefen kasuwar Sabon Gari. A tsakanin littattafan lissafi da rana ta ci bangonsu za ka hango ɗaya da hoton jirgin sama jannati. Ba ka taɓa samun jerin a cike. Ka samu na ɗaya bana, na uku baɗi, na biyu kuwa sai ranar da Allah ya nufa. Da haka na tara abin da ya kai kwali guda, wanda maiɗakina ta yi shekaru tana neman hanyar da za ta sallama wa mai ƙosai.

Ga waɗanda ba su san asalin maganar ba, shirin Star Trek ya fara fita a talabijin a Amurka a 1966. A shekarar 1967 aka nuna wani kashi inda na'urar da ke ɗauke mutum daga wuri zuwa wuri ta samu matsala, ta jefa kyaftin Kirk da mutanensa uku cikin wani jirgi da ya yi kama da nasu sak a wata duniya, wadda ake kira duniyar madubi. Fuskokin nan ne, sunayen nan ne, amma a can daular zalunci ce ke mulki, kuma hanyar samun ƙarin girma ita ce ka kashe na gaba da kai. Abokinsa Spock na can yana da ɗan gemu, shi ne alamar da mai kallo ke ganewa da ita. Kafin Kirk ya komo gida ya tsaya ya yi wa wannan Spock mai gemu nasiha, ya ce masa daular nan ba za ta ɗore ba, ya yi wani abu. Shi kuma ya ce zai duba. Nan shirin ya ƙare, ƙasa da awa guda. Masu kallo suka zauna shekaru ashirin da bakwai ba su ga abin da ya biyo baya a talabijin ba, sai 1994. Wannan giɓin ne marubuta littattafai suka shiga.

Abin da mai rubutun bai faɗa wa masu karatu ba shi ne yadda sana'ar take. Marubucin irin wannan littafi ba shi ne mai jaruman ba. Kamfanin fim ne mai su, shi ke ba kamfanin ɗab'i izini, shi kuma ya ɗauki marubuci, kuma sai masu fim sun duba sun yarda kafin a buga. Sharaɗin kullum ɗaya ne: yadda ka karɓi mutanen nan haka za ka mayar da su. Ba ka kashe kyaftin, ba ka yi masa aure mai ɗorewa, ba ka tarwatsa jirgin, domin mako mai zuwa za a gan su a talabijin lafiya lau. Zanen aro ne, an kuwa ce ba ya rufe katara. Shi ya sa da yawansu ba su da armashi, tun daga shafin farko ka san ba abin da zai samu kowa. To amma da zarar marubuci ya tsallaka da labarin zuwa duniyar madubi, sharaɗin ya sassauta. A can yana iya kashewa, yana iya naɗa sarki ya tuɓe shi, yana iya barin mugu ya ci nasara. Wato ɓangaren da mai rubutun ya fi raina shi ne inda aka fi sakar wa marubuci mara.

Bari in kawo misalin da ya sa na ɗauki alƙalami. A 1993 Diane Duane ta fitar da littafinta Dark Mirror, inda kyaftin Picard, jarumin wani shirin Star Trek na baya, ya shiga jirgin takwaransa na waccan duniya a ɓoye, yana kwaikwayon shi. Akwai faɗa da bin sawu, amma ba su ne suka zauna mini ba. Abin da ya zauna mini shi ne lokacin da ya shiga ɗakin mutumin ya tarar da kantar littattafai irin tasa, ya ɗauko wasan Shakespeare na attajirin Benis wanda da yawanmu muka sha a sakandare, ya tarar a can an yanke wa mai bin bashi hukuncin ya yanki tsokar wanda yake bi bashin, kuma ya karɓa. Ka ga ke nan ba wani sarki ɗaya ne ya lalata mutanen ba. Abin ya shiga har cikin labaran da suke ba 'ya'yansu. Da na kai wurin sai na rufe littafin na yi shiru, ina tunanin yadda Magana Jari Ce za ta kasance a irin wannan duniya. Aku ɗin nan da ke ta jan Musa da labari don kada ya fita ya faɗa tarkon waziri, a can da bakin waziri zai yi magana, kowane labari nasa na tura yaron waje ne. Kuma yaran can za su karanta shi a aji, malami ya yaba wa akun da iya siyasa. Ranka ya daɗe, littafin da ya iya sa mutum wannan tunani a kan tabarmarsa da dare ya wuce a ce masa ɗan rakiya kawai.

A shekarar da ta biyo bayan fitar littafin Duane sai talabijin ta ƙaryata shi. Shirin Deep Space Nine, wani reshe na Star Trek, ya koma waccan duniya a 1994 ya nuna cewa Spock mai gemu ya ji nasihar Kirk, ya hau mulki, ya sassauta wa jama'a, ya rage makamai, sai maƙiya suka ga lagonsu suka cinye daular, 'yan'adam suka koma bayi. Daular da Duane ta nuna tana nan da ƙarfinta a wannan zamani, ashe a wajen masu fim ta daɗe da rushewa. Wannan kuma ya bar tambaya mai ɗaci: ke nan nasihar kirki ce ta jawo bauta? Sai David Mack ya ɗauki tambayar a wani labari da ya fara fita a 2007, ya ce Spock yana sane. Ya lissafa cewa daular ba ta gyaruwa, sai dai ta faɗi, don haka da gangan ya raunana ta, ya yarda a tsine masa, ya yarda mutanensa su sha wuya na tsawon zamani, don wani abu mai kyau ya tsiro daga baya. Ni har yau ban yarda da Spock ɗin nan ba. Wa ya ba shi izinin yin lissafi da rayukan jikokin wasu? Mun yi musu a kan wannan da wani abokin aikina a ɗakin malamai har aka kaɗa ƙararrawa ba mu ji ba.

Inda mai rubutun ya yi gaskiya ba zan ɓoye ba. Da yawan marubutan nan ragwaye ne. Su ɗauki mutumin kirki su saka masa gemu da baƙin kaya da wuƙa a ƙugu, su ce ga mugu, shi ke nan an gama tunani. Kuma idan duniyoyi suka yi yawa mutuwa kan zama wasan yara, domin duk wanda aka kashe akwai wani irinsa a maƙota da za a ɗauko. Batun kuɗi ma haka yake. Kamfanin Disney ya sayi kamfanin da ke da finafinan Star Wars a 2012 a kan kusan dala biliyan 4, a 2014 kuma aka sanar cewa tarin littattafan da aka yi shekaru ana sayar wa mutane ba sa cikin asalin labarin, an mayar da su gefe an sa musu wani tambari. Wanda ya bi su tun 1991 yana saye yana jerawa, dole ya ji kamar an sayar masa da fili sannan aka ce hanya ce.

Amma ni wannan bai dame ni kamar yadda ya dami Turawa ba, kuma ina jin dalilin a gidajenmu yake. Mu da muka tashi da tatsuniya, yaushe muka taɓa tambayar wanne ne asalin labarin Gizo? Daren jiya kura ta yi masa dukan kawo wuƙa, yau ga shi garau yana damfarar giwa. A bakin kakata Ƙoƙi mai haƙuri ce, a bakin gwaggona ita ce mai zuga shi. Ba wanda ya taɓa tashi ya ce an saɓa wa abin da aka faɗa makon jiya. Abin da yaro ke bi shi ne halin Gizo, ya ga me zai yi in an sa shi a wannan rami. Masu littattafan madubi, in sun iya, wannan suke yi: su ɗauki mutumin da ka sani su canza masa gari da iyaye da sarki, su ga me zai rage. Spock ɗin can ya taso cikin kisa da cin amana, amma hankalinsa bai bar shi ba, shi ya sa nasiha ta kama shi. Kirk ɗin can kuwa da aka jefo shi duniyar kirki ko awa bai yi ba aka gane shi aka kulle, don mugu bai iya kwaikwayon mutumin kirki ba.

Abokin aikin nan nawa, wanda ke koyar da addini, ya kawo wata hujja da ta fi ta mai rubutunku nauyi. Ya ce duk labaran nan a kan "da" aka gina su, da an yi kaza da kaza ya faru, alhali hadisi ya zo cewa "da" tana buɗe aikin shaiɗan. Ni ba malami ba ne a wannan fage, kuma in na yi kuskure malamai su gyara mini. Abin da na fahimta shi ne ana magana a kan wanda abu ya same shi ya zauna yana cizon yatsa yana jayayya da ƙaddara. Mai ba da labari da ya ce "a ƙaddara cewa" yana sane ƙarya yake shiryawa, mai sauraro ma ya sani, kamar yadda ake rufe tatsuniya da cewa ba don Gizo ba da na yi ƙarya. Haka kuma nakan ja wa ɗalibaina kunne ta ɗaya gefen. Wani masanin Amurka, Hugh Everett, ya kawo ra'ayi a 1957 cewa a duniyar ƙananan ƙwayoyin zarra duk abin da zai iya faruwa yana faruwa, kowanne a reshensa. Fassara ce ta lissafi, masana na ta jayayya a kanta, ba wanda ya gwada ya ga wani reshe, balle ya je ya dawo. Yaro ya kalli bidiyo a waya ya zo aji yana cewa kimiyya ta tabbatar akwai wani shi a wata duniya da ya ci jarrabawa. Nakan ce masa to wannan na nan ɗin ya buɗe littafi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne mu ba mu taɓa wannan fili ba, alhali ba baƙonmu ba ne. Gandoki na Bello Kagara, wanda ya fito daga gasar 1933, ya yaƙi Turawa sannan labarin ya ɗauke shi zuwa duniyar aljanu inda takobinsa ke ci. Umaru Dembo ya kai yaro sararin samaniya tun 1969 a Tauraruwa Mai Wutsiya. Yau marubutanmu na zuba littafi shafi-shafi a WhatsApp, ana karanta wasu a YouTube, wasu su zama fim, amma kusan duk a falo ɗaya ake zaune, da Alhaji da amarya da uwargida. Ga tarihin garin nan cike da mararraba. A watan Fabrairun 1903 Turawa suka shigo Kano Sarki Alu ba ya gari, ya tafi Sakkwato. Waziri Ahmadu ya faɗi a Kwatarkwashi, Alu ya ƙare rayuwarsa a Lakwaja. A ce wani ya zauna ya rubuta Kanon da Alu yake cikin ganuwa a ranar. Ba ina nufin labarin da za mu ci yaƙi mu yi ta kirari ba, bindiga mai ruwa ba ta san kirari ba. Ina nufin a bi mutum ɗaya, wani marini a Ƙofar Mata ko wani fatake a Kurmi, a ga wane irin mutum zai zama a can, 'ya'yansa da wane harafi za su yi rubutu, jikansa zai san gyaɗa da jirgin ƙasa ko kuwa har yanzu Tarabulus yake kallo. Ko a koma baya kaɗan, yaƙin basasar Tukur da Yusufu ya ƙare ta ɗaya gefen. In an samu mai ƙarfin halin rubutawa, ni zan fara saye, ko da a waya ne.

Sai roƙo ɗaya. William Shatner, wanda ya fito a Kirk, ya yi wasu littattafai uku a kan duniyar madubi tare da wasu marubuta biyu, daga 1998 zuwa 2000. Ina da na farko da na biyu, na biyun ma shafukan ƙarshe ɓera ya taɓa su. Na ukun, Preserver, na neme shi a Sabon Gari har masu littattafan sun gane ni, da sun hango ni sai su girgiza kai tun ban yi sallama ba. In akwai mai karatu da ke da shi, don Allah ya ajiye mini a ofishinku. Aro nake so, mako biyu, kuma zan sa masa bango.

Na gode, Allah ya ƙara ɗaukaka.

Naka,
Wani malamin kimiyya,
Gwale, Kano.