Kun Kore Mana Baƙi Tun Kafin Su Iso Argungu

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina so ka sani tun daren Lahadi raina yake a ɓace, kuma na ga in ban rubuto ba abin zai ci gaba da cina. Ina zaune ƙofar gida da 'yar rediyona muka ji an ce yau Argungu za a leƙa. Na tsawata wa yara su yi shiru, garinsu za a faɗa, har maƙwabcina na aika aka kira. Sai ga mai gabatarwarku ya rufe shirin da ba masu niyyar zuwa bikin kamun kifi na garin shawara su kama masauki a Birnin Kebbi ko Sakkwato, su yi sammako ranar kamun kifi, da zarar an ɗora kifi a sikeli su kama hanya kafin cunkoso, wai don bayan nan ba sauran abin tsayawa. Maƙwabcin nan ya miƙe ya kaɗe rigarsa ya ce mini, "Malam, wanga yaro ya taɓa kwana Argungu kuwa?" Ban da amsar da zan ba shi, shi ya sa na juyo da tambayar gare ka.

A nan aka yanke cibiyata. Mahaifina masunci ne, ni kuma na koyar a firamare har na yi ritaya. Saboda haka na san me wannan shawara take jawowa, don na ga aikinta a cikin gidanmu tun kafin ku faɗe ta a rediyo.

Ka tuna daga 2009 sai da muka yi shekara goma cur ba a yi biki ba. Da aka ce za a dawo da shi a watan Maris na 2020, garin nan kamar jajibirin Sallah ya koma. Yayata, wadda mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya biyar, tuwon shinkafa take sayarwa. Ta roƙi 'yan adashinsu suka ba ta kwasa tun kafin layinta ya zo, ta ƙara da bashi, ta sayi buhu biyu na shinkafa da manja da bandar tarwaɗa da karfasa, ta sa aka kafa mata rumfar zana a hanyar da ake bi zuwa Matan Fada, kogin da ake kamun kifin, ta ɗauki 'yan mata uku su taya ta. Kwanakin farko ta yi ɗan ciniki da masunta da 'yan ƙauye. Babban girkin kuwa ta ajiye shi sai ranar Asabar, don a lissafinta mutanen da suka cika bakin ruwa tun safe dole su nemi abinci da rana, su sake nema da dare. Malam Edita, ana gama auna kifin nan mai kilo 78 da ya zo na ɗaya, sai ka ga motoci sun jeru suna fita kamar an ce wuta ta kama garin. Masu manyan motoci da kulolin abincinsu suka zo, da su suka koma. Kafin la'asar hanya ta yi fayau sai ƙura. Na iske Yaya zaune gaban tukwane huɗu ta zuba tagumi. Na ce, "Yaya, haƙuri za ki yi." Ta ce, "Haƙuri na yi shi, ka kira mini almajirai kar abinci ya lalace." Haka muka raba shi kwano kwano har bayan isha'i. Bashin nan sai bayan kakar shekarar ta iya sauke shi, shi ma sai da ta sayar da akuyarta.

Ba ita kaɗai ba ce. Masu fura da nono da suka taso daga rugage tun asuba, masu kilishi, masu tabarmi da faifai, 'yan kabu-kabu, kowa yana da irin labarin da zai ba ka. Abin da a da baƙi suke yi don rashin sani, yau ku kuka mayar da shi shawara, kuka faɗa wa duk mai kunne daga nan har Nijar. Abin da ya ƙona mini rai ke nan.

Wai ba sauran abin tsayawa! Bikin nan kwana huɗu ake yi. Ko hukumar UNESCO da ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya a 2016, da sunan bikin kamun kifi da al'adu ta rubuta shi. Ina kuka kai al'adun? A duk tsawon shirin ban ji an ambaci kabanci ko sau ɗaya ba, alhali duk Bakabe zai gaya maka a nan ake gane ɗan ruwa na gaskiya. A nan ake tseren kwale-kwale, ake gasar nutso a ga wanda zai fi daɗewa a ƙarƙashin ruwa, ake kamun kifi da hannu ba homa ba ƙugiya, ake sakin agwagwa a ruwa samari su bi ta da iyo, ta nutse nan ta ɓullo can, bakin gaɓa ya ɗauki ihu. Mata da yara sun fi jin daɗin wannan rana fiye da ranar ƙarshe, don kana ganin fuskar kowane ɗan wasa, kana jin makaɗa suna kiran sunan ubansa da na kakansa. Ga baje kolin amfanin gona, inda manomi zai kawo damin shinkafarsa ko bijimin da ya yi shekara yana kiwo a gwada da na wani. Ga kokawa da dambe, da 'yan wasa masu tsallakowa daga Nijar, don mu da Arawa da Zabarmawa zumuncinmu ya girmi iyakar da Turawa suka shata. Wanda ya kwana a Sakkwato duk waɗannan sai dai a ba shi labari.

Abin da na fi so baƙo ya gani kuwa ba ya cikin takardar tsarin biki ko kaɗan, shi ne daren jajibirin kamu. Masunta dubbai, daga ƙauyukan fadama da nesa, suna kwana a fili kusa da ruwa. Ko'ina wuta ce ake jin ɗumi, ga goruna jibge kamar an zubo su daga sama, wannan yana ɗinke homarsa, wancan yana gwada ko gorarsa na yoyo, tsofaffi suna ba da labarin giwan ruwan da ta kuɓuce musu shekara talatin da ta wuce. Ina ɗan shekara goma sha huɗu Baba ya fara tafiya da ni. A daren nan ya koya mini yadda ake kwanciya a kan gora a tura ta da ƙafa, da yadda ake sa hannu a kunnen kifi ba tare da ƙayarsa ta tsaga maka tafi ba. Ya ce mini, "In ka ji babba ta taɓa ka kada ka ja, bi ta har ta gaji." Da safe muka jeru a bakin gaɓa, gabana na dukan uku-uku, aka buga bindiga, na ji ƙasa tana motsi saboda gudun mutane. Ba mu kama abin kirki ba a shekarar, 'yan kurungu ne da karfasa, amma har yau in na rufe ido ina jin ƙarar gorunan nan suna faɗawa ruwa lokaci guda. Mai gabatarwarku ya kira wannan awa ɗaya ta kallo. Bai gaya wa mutane cewa shekara guda ake hana kowa jefa homa a wurin ba, Sarkin Ruwa da mutanensa suna tsaronsa, don kifi ya samu ya girma. Garin masunta ne ya kame hannunsa wata goma sha biyu ga kifi yana gani, don baƙo ya zo ya sha kallo. Ashe bai cancanci baƙon ya kwana biyu ya ci tuwonsu ba?

Ko asalin bikin ma ai saukar baƙo ne. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara Argungu, zamanin Sarkin Kabi Muhammadu Sama, bayan dogon lokacin da Kabawa da Sakkwatawa suka shafe ba sa ga maciji tun da Birnin Kebbi ya faɗi hannun masu jihadi a 1805. Aka shirya masa kamun kifi don a girmama shi, aka binne gaba. Kun faɗi shekarar a shirin, na ji, amma kuka wuce da sauri kamar mai karanta lambar mota. Da kun tsaya a kanta da kun tura mutane gidan tarihi na Kanta, wanda yake cikin gari, tsohuwar fadar sarakunanmu ce har zuwa 1942, aka buɗe ta ga jama'a a 1958. A ciki akwai kaburburan sarakuna, da sulke da masu da takubba da tambura, da kayan su na kakanninmu. Sau nawa na kai 'yan ajina can na nuna musu cewa Kanta da ya ƙi bin Askiya na Songhai, ya gina Surame, ba tatsuniya ba ne. Baƙon da zai bar gari da azahar yaushe zai taka wurin?

Kuma wa kuka tambaya? Muryoyi uku na ji a shirin, dukansu manya ne masu magana daga ofis. Ban raina su ba, Allah ya ƙara musu girma. Amma ba masunci ko ɗaya, ba makaɗi, ba mai abinci, ba wanda ya taɓa jiƙa wandonsa a Matan Fada. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Da wakilinku ya tsaya minti biyar da kowace tsohuwa mai suyar kifi a bakin kasuwa, da ba a yi wannan ɓaranɓarama ba.

Na san abin da za ku ce, masauki ya yi kaɗan. Gaskiya ne, ya yi kaɗan, kuma mu ma abin yana damunmu. To sai ku ɗauki maganar ku kai gaban masu iko da masu kuɗi, ku tambaye su dalilin da garin da duniya ta san sunansa zai rasa wurin kwanan baƙi. Wannan shi ne aikin ɗan jarida. Kafin a gina kuma, mutanen garin nan ba su taɓa barin baƙo ya kwana a titi ba. Ni da kaina a bikin 2020 na sauki ɗalibai biyu daga Zariya da wani dattijo da ɗansa daga Dogon Dutsi. Na share musu soro, na shimfiɗa tabarmi, mai ɗakina ta yi musu tuwo da miyar kifi. Har yau dattijon nan in ya sami mai zuwa sai ya aiko mini da gaisuwa.

Bayan haka, kun sa mutane sun ɗauka in ba lokacin biki ba ƙasar nan a rufe take. Ku zo da kaka ku ga fadama ta yi jawur da shinkafa iya ganinka, ana yanka ana bugu, da dare a share dandali a ƙauyuka a yi kokawa a farin wata, ba tikiti ba rumfar manya. Ku zo da hunturu ku ga tsuntsayen ruwa da ke sauka a tafkuna garke garke. Ku zo da rani ku ga fadamar ta sake yin kore shar da noman rani, ku zarce Aliero ku ga albasa tuli kamar duwatsu. Wanda yake da hali ya gangara Yawuri lokacin bikin Rigata, ko Zuru lokacin bikin Uhola. Duk a jiha ɗaya suke, kuma ko sunansu ban ji ba.

Tun da na riga na ɗauki biro, bari in ƙara da wani abu da ya daɗe yana damun mutane a nan. Shirinku na manoma da kuke sakawa bayan isha'i, me ya sa kuka mayar da shi ƙarfe sha ɗaya na safe? Wane manomi ne yake gida a wannan lokaci? Muna fadama cikin taɓo, injin ban ruwa yana ƙara, ko kiran waya ba ma ji balle rediyo. A da bayan an ci tuwo mukan taru mu saurara, mu yi gardama a kan maganar taki da farashin shanshera. Yanzu sai dai matanmu su ba mu guntun abin da suka tsinta. Na buga lambar da kuke faɗa ya fi sau goma, kullum a kashe take ko ana kan layi. Ku mayar mana da shi inda yake, don Allah.

Game da Argungu kuwa, roƙona biyu ne. Ku karanta wannan wasiƙa a cikin shirin nan na daren Lahadi, a daidai lokacin da kuka yi waccan magana, don waɗanda suka ji ta farko su ji wannan. Sannan duk lokacin da aka sa ranar biki, ka turo mana yaron nan tun ranar Laraba. Kada ya kama ɗaki a Birnin Kebbi. Sorona yana nan, tabarma da gidan sauro akwai, abincinsa kuma a rumfar Yaya zai ci. Ni zan riƙe hannunsa in kai shi bakin ruwa daren jajibiri, ya kunna na'urarsa a gaban masunta.

Wassalam.

Naka mai sauraro kullum,
Tsohon malamin firamare, daga Argungu, jihar Kebbi.