Sake rera tsohuwar waƙa ba ƙarewar basira ba ce

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaida kai da dukan ma'aikatan gidan rediyon nan. A shirin waƙoƙin ƙetare na daren Asabar, mai gabatarwa ya sa mana waƙoƙi daga faifan da Boyz II Men suka fitar a 2007, wanda a ciki suka sake rera tsofaffin waƙoƙin kamfanin Motown. Da ya gama sai ya ce ɗumame ne kawai, wai basira ta ƙare musu. Ina ganin girmansa, amma ban yarda da wannan magana ba.

Su huɗu ne lokacin da suke tashe, 'yan birnin Filadalfiya a Amurka. A 1992 waƙarsu End of the Road ta yi mako 13 tana ta ɗaya a jadawalin Billboard na waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka, mu ma samarin Garwa na lokacin mun sha kaset ɗinta. A 2003 Michael McCary, mai kaurin muryar da take riƙe sauran daga ƙasa, ya bar su saboda rashin lafiya. Saura Nathan Morris da Wanya Morris da Shawn Stockman. Waɗannan ukun ne suka ɗauki waƙar The Temptations, ƙungiyar mutum biyar, suka raba muryoyin a tsakaninsu. Sabuwar waƙa in ka kauce ba wanda zai gane. Wadda jama'a suka haddace tun suna yara kuwa, in ka yi tuntuɓe ko a gaɓa ɗaya kowa zai ji. Ga shi kuma Motown, da Berry Gordy ya kafa a Detroit a 1959, shi ne ya fitar musu da faifansu na farko a 1991. Da suka rera waƙoƙinsa, kamar gida suka koma.

Abin da ya fi ci mini rai na nan gida ne. Ai mu ma mun gaji haɗa murya. A saurari 'yan amshin Musa Ɗanƙwairo, yadda suke karɓe baiti daga bakinsa su ƙarasa, muryoyi suna hawa kan juna ba wanda ya danne wani. Wannan sai da zama tare da maimaici na shekaru. Yau yaro ɗaya ne zai shiga sutudiyo da fiyano, kwamfuta ta gyara masa murya ta kuma yi masa amshi. In aka gayyace shi biki a Marwa ko Ngawundare, aka ɗauke wuta, waƙa ta tsaya ke nan.

Don Allah, Malam Edita, ku ware ko kwata ɗaya a shirin. Ku gayyato matasanmu uku ko huɗu su zaɓi wata tsohuwar waƙar Hausa ko ta Fillanci, a nemi izinin magadan mai ita, su rera ta da bakinsu kai tsaye ba na'ura. Mai gabatarwar ma ina roƙonsa ya sake sa faifan nan, ya kasa kunne ga yadda mutum uku suka cike gurbin na huɗu.

Naku mai sauraro,
daga unguwar Yalwa, Garwa, Kamaru